Labarin Yaƙin Satiru

Kudu maso yamma da birnin Sakkwato, tafiyar kamar mil 14, akwai wani kufai da a ke kira Satiru. Sa'ad da garin ya ke raye ba shi da sarkin yanka, ba shi da barade, ba shi da rumbun makamai. Ƙauye ne na malamai da almajirai da manoma da bayin da suka gudo daga iyayengijinsu. Amma mutanen wannan ƙauye su ne suka yi wa sojan Ingilishi kaye mafi muni tun shigowarsu ƙasar Hausa, cikin watan Fabrairu na shekarar 1906. Kafin wata guda ya cika kuma an shafe garin ƙurmus, an kashe mazansa, an watsa matansa da 'ya'yansa. Ya kamata kowane mai karatu ya san yadda abin ya faru, da abin da ya kawo shi, don abin da aka yi a wannan ɗan ƙauye shi ya gyara wa mulkin Turawa zama a ƙasar nan har shekara hamsin da 'yan kai.

Yadda ƙasa ta ke kafin yaƙin

Ran 1 ga watan Janairu 1900 Gwamna Lugga ya kafa tutar Ingila a Lakwaja, ya ce ƙasashen Arewa duka sun shiga hannun Ingilishi. A lokacin nan magana ce kawai ta baka, don sarakuna suna nan bisa gadajensu. Sai aka shiga bin su ɗaya ɗaya. Cikin 1901 aka ci Kwantagora da Bida da Yola. Cikin 1902 aka shiga Bauci. A shekarar nan kuma Turawa suka shigo Zariya ba tare da yaƙi ba, don Sarkin Zazzau Kwasau ne ya nemi su taimake shi a kan Ibrahim Nagwamatse, wanda ke ɓarna cikin ƙasar Zazzau. Suka kama Nagwamatse, suka kafa bariki, ba a daɗe ba kuma suka kama Kwasau kansa suka fitar da shi daga ƙasarsa. Cikin 1903 aka naɗa Aliyu ɗan Sidi a madadinsa.

Daga Zariya rundunar Kanar Morland ta tashi ta tasam ma Kano, ta ci ta ran 3 ga Fabrairu 1903. Ran 15 ga Maris aka ci Sakkwato. Sarkin Musulmi Attahiru ɗan Ahmadu ya ƙi zama ƙarƙashin Nasara, ya yi hijira ya nufi gabas, jama'a mai yawa suka bi shi, sarakuna da malamai da talakawa. Turawa suka bi sawunsa har Burmi, cikin ƙasar Gwambe, inda aka kashe shi ran 27 ga Yuli 1903 tare da ɗaruruwan mutanensa. A Sakkwato kuwa Waziri Buhari ya shawarci malamai, suka ga ya halatta a zauna da Turawa muddin ba su hana salla da azumi da shari'a ba. Gwamna Lugga ya yi alkawari ba zai taɓa addini ba. Aka naɗa Muhammadu Attahiru ɗan Aliyu Babba ya zama Sarkin Musulmi, shi ne a ke kira Attahiru na biyu.

To, manya sun shirya da Turawa, saura talakawa. Talaka ya duba ya ga hakimin da ke karɓar haraji jiya shi ne ke karɓa yau, sai dai yanzu akwai bindigar Nasara a bayansa, kuma wani kashi na kuɗin Nasara ke ɗauka. Bayi kuma suka ji an ce Turawa sun hana bauta. Gaskiyar dokar ita ce an hana harin bayi, an rufe kasuwannin bayi, an kuma ce duk yaron da aka haifa bayan ƙarshen watan Maris 1901 ɗa ne. Amma wanda ya riga ya ke cikin bauta, sai ya zauna wurin ubangijinsa har ya fanshi kansa a gaban alƙali. Bayi da yawa ba su tsaya jiran wannan ba, suka yi ta sulalewa daga rumada da gandayen manya suna neman inda za su fake.

Zancen Mahadi

A zamanin nan zancen bayyanar Mahadi ya cika ƙasa. Tun Shehu Usmanu ɗan Fodiyo yana da rai waɗansu suka zaci shi ne Mahadi, ya ce musu ba shi ba ne. Cikin 1881 Muhammadu Ahmad ya tashi a ƙasar Sudan ya ce shi ne Mahadi, cikin 1885 kuma mutanensa suka ci birnin Hartum. Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya yi masa mubaya'a, ya tara jama'a a Balda cikin ƙasar Adamawa. Malam Jibrilla Gaini kuma ya kafa tasa jama'a a Burmi, har Turawa suka kama shi cikin 1902. Da Nasara suka ci Sakkwato, sai mutane da yawa suka ce ai wannan ita ce alamar ƙarshen zamani da a ke faɗi. Suka ce in Dujal ya bayyana, to, Annabi Isa na tafe. Wanda ya rasa mai share masa hawaye wurin sarki da wurin alƙali, irin wannan magana ta kan shige shi ƙwarai.

An kafa Satiru wajen shekarar 1894, zamanin Sarkin Musulmi Abdurrahman. Garin yana kan iyakar ƙasashen hakimai huɗu, watau Dancadi da Dange da Shuni da Boɗinga. Malaman da suka kafa shi matalauta ne, ba su da gindin zama a fada, wa'azinsu kuwa yawancinsa a kan zaluncin masu sarauta ne da kwaɗayin malaman da ke bin su. Ba su son biyan haraji, ba su kuwa mai da bawan da ya gudo wurinsu. Saboda haka garin ya yi ta cika, har ya tara dubban mutane, Hausawa da Zabarmawa da waɗansu kabilu.

Cikin farkon 1904 mai garin, Malam Maikaho, ya ce shi ne Mahadi. Sarkin Musulmi ya aika aka kamo shi aka kawo Sakkwato, ya mutu a kurkuku kafin a gama shari'arsa. Aka sa manyan garin suka rantse ba za su sake ta da fitina ba, aka sallame su. Ɗansa Malam Isa ya gaje shi. Hukuma ta ɗauka magana ta ƙare, ashe wuta ce aka rufe da toka.

Zuwan Ɗan Makaho

Yamma da nan, cikin ƙasar Zabarma wadda Turawan Faransi suka mallaka, wahalar talakawa ta fi ta nan tsanani, saboda haraji da aikin tilas da ƙwace abinci da dabbobi don ciyar da soja. Akwai wani malami makaho mai suna Shu'aibu, wanda Zabarmawa ke kira Alfa Saibu, Hausawa kuma suka san shi da Ɗan Makaho. Mutane sun ɗauke shi waliyyi mai karama. Ya zauna a wani ƙauye wai shi Kobkitanda, kudu da Doso, cikin ƙasar da yanzu ta ke Jamhuriyar Nijar, yana wa'azi kada a biya Nasara haraji, kada kuma a bi sarakunan da ke yi musu aiki. Cikin watan Disamba 1905 mutanensa suka yi tawaye. A farkon Janairu 1906 sojan Faransi suka auka musu tare da mahayan Zarmakwai na Doso. Aka kashe wani Laftanan na Faransi, amma aka ci garin aka ƙone. Ɗan Makaho ya tsira da waɗansu mutanensa, suka ƙetare iyaka suka yiwo gabas, suka sauka Satiru.

Zuwansa ya ƙara wa Satirawa ƙarfin zuciya. Labari ya bazu cewa Malam Isa shi ne Isan da a ke jira, za a kuma ɗaga tutar jihadi bayan Babbar Salla, wadda a shekarar nan ta faɗo cikin makon farko na Fabrairu. Aka aika wa ƙauyukan da ke kewaye su zo su yi mubaya'a. Waɗansu suka zo, waɗansu suka ƙi. Cikin waɗanda suka ƙi har da mutanen Tsomau, maƙwabtansu. Ran 13 ga Fabrairu Satirawa suka faɗa wa Tsomau, suka sa mata wuta, suka kashe mutane fiye da goma. Jinin farko da aka zubar cikin wannan fitina na talakawa ne Musulmi, 'yan'uwansu talakawa kuwa suka zubar da shi.

Ran 14 ga Fabrairu

Razdan na Sakkwato, Manjo Burdon, ya riga ya kama hanya za shi hutu, ya bar Mista Hillary yana riƙon lardi. Da labarin Tsomau ya iso, sai Hillary ya ƙudura ya tafi da kansa ya kamo shugabannin. Kashegari, ran 14 ga wata, ya fita tare da mataimakinsa Mista Scott, da Laftanan Blackwood, da Likita Ellis, da wani Saja Bature, da sojan doki kamar 70. Waɗannan sojoji doki abin tafiyarsu ne kawai. In za a yi faɗa sai su sauka, waɗansu su riƙe dawakai a tsakiya, sauran su kewaye su ta fuska huɗu, kowa bakin bindigarsa na duban waje. Muddin sahun nan bai karye ba, masu mashi da kibiya ba su iya isa gare su. Da wannan dabara, da bindiga mai ruwa, Turawa suka ci sarakunan ƙasar nan duka.

Hillary ya zaci da magana zai kashe wutar. Da suka hango garin sai ya wuce gaba da Scott da tafinta, ya bar soja a baya. Bindiga mai ruwa kuwa ba ta ko iso ba, tana can baya a kan hanya. Blackwood ya ga taron da ke fitowa daga gari ya yi yawa, ya sukwano da mutanensa, ya sa suka sauka suka ja sahu. Satirawa ba su tsaya sauraron tafinta ba, suka zaburo gaba ɗaya da gatura da fartanyu da masu da kwari da baka. Hillary yana waje da sahu, sojoji ba su da damar harbi sosai don kada su same shi. Blackwood ya yi nufin ya matsa da sahun ya tare shi, kafin su sake tsayawa taro ya riga ya iso kansu. Dawakai suka firgita suka tsinke, suka tattake masu riƙonsu, sahu ya watse.

Cikin ɗan lokaci kaɗan aka gama. Aka kashe Hillary da Scott da Blackwood da sojoji 25. Likita Ellis ya sami rauni, wani soja ya kamo doki ya ɗora shi, ya fitar da shi daga cikin taro. Sauran suka gudu Sakkwato a warwatse. Satirawa suka kwashe bindigogi da harsashi, suka kuma kama bindiga mai ruwan nan. Amma su ma sun yi babbar hasara, don Malam Isa ya sami rauni a wurin, bai daɗe ba ya rasu. Shugabanci ya koma hannun Ɗan Makaho.

Kwanakin tsoro

Da labari ya isa Zungeru, inda hedkwatar Gwamna ta ke a lokacin, hankalin Lugga ya tashi ƙwarai. Yawancin sojansa suna can kudu wajen kogin Binuwai, don cikin watan Janairu an yi faɗa a Abinsi tsakanin Jukunawa da fatake Hausawa, mutanen Tibi suka shigar wa Jukunawa, aka ƙone kantin Kamfanin Neja, Gwamna ya aika da runduna can. Turawan da ke mulkin Arewa duka 'yan ƙalilan ne a tsakiyar miliyoyin mutane. Abin da ke tsare su shi ne imanin da kowa ya yi cewa ba a iya cin sojan Nasara. Ga shi kuwa manoma sun ci su da fartanya. In da Sarkin Musulmi ya ɗaga hannu ya ce a tashi, da wuya a san inda abin zai tsaya.

Manjo Burdon ya juyo daga hanya ya komo Sakkwato, ya tarar 'yan sojan da suka rage ba su isa su tsare bariki ba. Sarkin Musulmi Attahiru ya tsaya tare da Turawa, ya kira hakimansa da mahayansu su tsare birni. Marafa Muhammadu Maiturare ya zo daga Gwadabawa da dawakinsa. Sarakuna da yawa kuma suka aiko wa Razdan-Razdan nasu da saƙon cewa ba ruwansu da Satirawa.

Me ya sa jikan Shehu ya goyi bayan Nasara a kan Musulmi? Dalilai uku ne. Na farko, malaman Sakkwato ba su yarda Maikaho Mahadi ne ba, ba su kuwa yarda ɗansa Annabi Isa ne ba. A wurinsu mai irin wannan da'awa ɗan fitina ne, yaƙarsa kuwa wajibi ne. Na biyu, wa'azin Satirawa bai tsaya kan Nasara kaɗai ba, ya haɗa da masu sarauta, da masu gandu, da masu bayi. In Satiru ta yi nasara, ba bariki kaɗai za a ƙone ba. Na uku, shekara uku ba ta cika ba da aka ga abin da ya faru a Burmi, manya kuwa sun sani in an kashe Turawa uku, waɗansu za su zo da igwa.

Marafa ya ɗauki mutanensa ya tafi Satiru don ya gama da su kafin soja su iso, amma aka koro shi, don da yawa cikin dakarunsa ba su yi faɗan da zuciya ɗaya ba. Wannan ya nuna inda zukatan talakawa suka karkata. Satirawa kuwa ba su tasam ma Sakkwato ba sa'ad da ta ke ba tsaro. Sai suka juya kan garuruwan hakiman da ke kewaye da su, suka ƙone Dancadi da Dange. Bindiga mai ruwan da suka kama ba ta amfane su da kome ba. Kowace rana da ta wuce, sojan Gwamna suna ƙara matsowa.

Ran 10 ga Maris

Lugga ya tattaro soja daga Zungeru da Lakwaja da Kwantagora da Kano, suka yi ta tafiya ba hutawa har suka haɗu a Sakkwato. Sun fi mutum 500, da bindigogi masu ruwa, da igwa, shugabansu Manjo Goodwin. Ran 10 ga Maris da safe suka isa Satiru, mahayan Sarkin Musulmi suna biye da su. A wannan karo ba wanda ya wuce gaba don ya yi magana. Soja suka ja sahunsu ta fuska huɗu a fili, suka jira.

Satirawa suka fito kamar yadda suka yi da fari, da makamansu na gona da na farauta, suka zaburo. Bindigogi suka yi ta zuba musu wuta. Suka ja da baya, suka sake zaburowa, ba wanda ya iya kai wa ga sahun. Ko Turawan da suka yi yaƙin sun shaidi jaruntakarsu. Da ƙarfinsu ya ƙare, soja suka shiga gari da banati a bakin bindiga, aka sa wa gidaje wuta. Waɗanda suka gudu daji, sojan doki da mahayan Sakkwato suka bi su suna kashewa. An ƙiyasta waɗanda suka mutu sun kai 2,000. A wajen soja kuwa ba a kashe Bature ko ɗaya ba. Mata da yara kamar 3,000 aka kora aka rarraba, da yawansu suka koma hannun iyayengijin da suka gudo wa.

Aka kama Ɗan Makaho da rai. Aka kai shi Sakkwato tare da waɗansu manyan garin, aka yi musu shari'a a majalisar Sarkin Musulmi, aka kashe su a kasuwa, aka kafa kawunansu bisa itace don kowa ya gani. Aka rushe abin da wuta ta rage na Satiru. Sarkin Musulmi ya la'anci duk wanda ya sake yin gini ko noma a wurin.

Abin da ya biyo baya

Labarin kisan nan bai yi wa waɗansu manya a Landan daɗi ba. Mista Winston Cocil, wanda a lokacin shi ne mataimakin Sakataren da ke kula da ƙasashen da Ingila ke mulki, ya rubuta rashin yardarsa da a hallaka taron da kusan ba su da makami, da kuma yadda aka kashe shugabanninsu. Amma ba a hukunta kowa ba. Lugga ya bar Arewa cikin shekarar nan ta 1906, ya komo cikin 1912, shi ne kuma ya haɗa Kudu da Arewa cikin 1914.

A nan gida aka saka wa kowa gwargwadon inda ya tsaya. Sarkin Ingila ya ba Sarkin Musulmi Attahiru lambar girma. Marafa Maiturare ya ƙara daraja wurin Turawa, cikin 1915 kuma ya zama Sarkin Musulmi. Sarkin Gwandu Muhammadu, wanda aka zarga da karkata wajen Satirawa, aka tuɓe shi. Aka tuɓe Sarkin Katsina Yero, wanda Turawa suka daɗe ba su amince da shi ba, aka naɗa Durɓi Muhammadu Dikko, sarauta ta koma gidan Sulluɓawa. Haɗejiya kuma, wadda ta daɗe tana ƙin bin umurni, Lugga ya ga ga soja a tare, ya aika mata da runduna. Ran 25 ga Afrilu 1906 aka ci garin, aka kashe Sarki Muhammadu yana faɗa.

Babban abin da Turawa suka koya shi ne ba su iya riƙe ƙasar nan sai da sarakuna. Sarakuna kuma suka gane gadajensu sun dogara ga Turawa. Tun daga nan aka ƙara ƙarfafa mulki ta hannun sarakuna, aka kafa baitulmali, aka yanka wa sarakuna da hakimai da alƙalai albashi, aka sami abin da aka sani da En'e. Tsoron Mahadi kuwa bai bar zukatan Turawa ba. Malami baƙo in ya tara jama'a, sai a sa masa ido. Cikin 1923 aka kama Malam Sa'idu ɗan Hayatu a Dumbulwa, cikin ƙasar Fika, aka kai shi Buya ta ƙasar Kamaru, ko da ya ke bai ɗaga makami ba.

Irinsa a waɗansu ƙasashe

Abin da ya faru a Satiru ya faru a wurare da yawa. A shekarar nan ta 1906 wani basarake na Zulu mai suna Bambata ya yi tawaye a Natal, cikin Afirka ta Kudu, saboda sabon harajin kai, aka murƙushe shi cikin watan Yuni. Daga 1905 zuwa 1907 mutanen ƙasar da yanzu a ke kira Tanzaniya suka tashi a kan Jamus, suna dogara ga wani ruwan magani da aka ce zai mai da harsashi ruwa. Dubban dubbai suka hallaka, yawancinsu da yunwa.

Har a maƙwabtan Ingila an yi haka. Tsibirin Ailan ya daɗe ƙarƙashin mulkin Ingilishi, cikin 1798 kuma mutanensa suka yi tawaye. Ran 27 ga Mayu, a wani tudu kusa da ƙauyen Oulart cikin lardin Wexford, manoma masu dogayen masu, wani limamin Kirista mai suna John Murphy na cikin shugabanninsu, suka gamu da sojan gwamnati kamar 110 waɗanda suka raina su, suka kashe su saura 'yan kaɗan. Jama'a suka yi ta kwararowa wurinsu. Ran 21 ga Yuni babbar runduna ta zo da igwa ta watsa su a wani tudu kusa da garin Enniscorthy, ba a daɗe ba aka kama limamin aka kashe. Tsakanin nasara da halaka kwana 25 ne. A Satiru kwana 24 ne. Akwai ma wani hafsa mai suna Crozier wanda ya yi aikin soja a Zariya, ya kuma halarci yaƙin Kano da Sakkwato na 1903. Cikin 1920 aka ba shi shugabancin wata rundunar 'yan sanda da aka kafa don murƙushe masu neman 'yancin Ailan, cikin 1921 ya ajiye aikin don ya ga mutanensa suna ɓarna ba a hukunta su. Cikin 1922 yawancin tsibirin ya sami mulkin kansa. Nijeriya ta sami nata cikin 1960.

Hukuncin tarihi

Rahotannin da Turawa suka rubuta a lokacin sun kira Satirawa 'yan iska da mahaukatan addini. Mutanen fada suka kira su 'yan fitina. Masu binciken tarihi na baya, waɗanda suka karanta takardun nan suka kuma bi tsofaffin ƙasar Sakkwato suna tambaya, sun nuna cewa yawancinsu talakawa ne da bayi waɗanda kukansu ba shi da inda za a kai shi. Kowace magana cikin waɗannan tana da abin da ta dogara a kai. Da'awar Maikaho da ta ɗansa ba ta tabbata ba, mutanen Tsomau kuwa ba su yi laifin da za a ƙone su ba. Amma harajin da Satirawa suka ƙi gaskiya ne, bautar da suka gudo wa ita ma gaskiya ce. Kuma ko da an ce sun yi laifi, ba shari'ar da ta ce a kashe mutum 2,000 a kan ran mutum 28, balle a haɗa da waɗanda suka riga suka juya baya suna gudu.

Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Shekara biyu cur tsakanin kama Maikaho da yaƙin, ba Razdan ko hakimin da ya tsaya ya bincika abin da ke tara dubban mutane a ƙauye guda. An sa su sun rantse, an koma an kwanta. Shugabannin Satiru kuma suka tura masu fartanya gaban bindiga mai ruwa, don nasarar rana ɗaya ta sa sun zaci haka za a yi kullum. Waɗanda suka biya bashin kuskuren nan biyu su ne manoman da aka bari a fili ba mai binne su, da matan da aka kora da 'ya'yansu a baya, da sojoji 25, 'yan ƙasar nan, waɗanda suka mutu a kan albashin wata. Sunayen Turawa uku suna cikin littattafai. Na sauran ba a rubuta ba sai kaɗan. Shekaru suka yi ta wucewa, manoman ƙauyukan kewaye suna nome gonakinsu har bakin kufan, su tsaya nan, saboda bakin Sarkin Musulmi.